Dokar kafa hukumar leƙen asiri ta ƙasa: yadda ake tsara ta da abin da take ƙunsa

Kusan kowace ƙasa tana da hukumar leƙen asiri, amma ba kowace ce ke da dokar da ta kafa hukumar ba. A ƙasashe da dama, musamman waɗanda suka gaji tsarin gwamnati irin na Faransa, takarda ɗaya mai sa hannun shugaban ƙasa ta isa a buɗe ofis, a ɗauki ma'aikata, a ware musu kuɗi, ba tare da jama'a sun san iyakar abin da aka halatta wa ofishin ba. Daga shekarun 1980 zuwa yau al'amarin ya fara sauyawa. Kanada, Birtaniya, Afirka ta Kudu, Gana, Faransa, Senegal da Burkina Faso duk sun kai batun gaban majalisa. Ga bayani kan dalilin yin irin wannan doka, hanyar da ƙudurinta ke bi, da wuraren da aka fi samun gardama a cikinta.

Mece ce hukumar leƙen asiri?

Hukuma ce ta gwamnati da aikinta shi ne tattara bayanai a kan abin da ke barazana ga ƙasa, ta tace su, ta miƙa wa masu yanke shawara kafin ɓarna ta auku. Ɗan sanda yakan shiga aiki ne bayan an aikata laifi, yana neman shaidar da zai kai gaban alƙali. Jami'in leƙen asiri kuwa tun kafin laifin yake aiki, kuma yawancin abin da ya samo ba ya zuwa kotu.

Bayanan suna zuwa ta hanyoyi uku: ta bakin mutanen da ake ɗauka a ɓoye su riƙa kawo rahoto, ta na'ura kamar sauraren waya da bin sawun saƙonnin intanet, da kuma abin da ke fili a jaridu, rediyo da kafofin sada zumunta. Ana raba aikin zuwa na cikin gida, na ƙasashen waje, da na soja.

Wahalar rubuta wa irin wannan hukuma doka a fili take. Aikinta ba ya yiwuwa sai da sirri, kuma abubuwan da take yi, kamar sauraren maganar mutum ko shiga gidansa ba da saninsa ba, laifi ne in wani ya yi su. Dokar ita ce ke faɗin yaushe gwamnati ke da izinin yin abin da ta hana kowa, wa ke ba da izinin, kuma wa zai duba daga baya.

Doka, dekere ko ordonansi?

A tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci, akwai bambanci tsakanin dokar majalisa, dekere da ordonansi. Dokar majalisa ana muhawara a kanta a fili, a kaɗa ƙuri'a, kuma majalisa ce ke iya canza ta. Dekere umarni ne na ɓangaren zartarwa, wanda ya sa masa hannu yau yana iya soke shi gobe. Ordonansi kuma yana da ƙarfin doka amma gwamnati ce ke fitar da shi, ko dai da izinin majalisa ko a lokacin da babu majalisa.

An daɗe ana kafa hukumomin leƙen asiri da dekere ko ma abin da bai kai dekere ba. Hukumar cikin gida ta Birtaniya, MI5, ta samo asali ne tun 1909, amma sai a 1989 majalisa ta yi mata doka. Takwararta ta waje, MI6, ta jira har 1994. Hukumar DGSE ta Faransa dekeren ranar 2 ga Afrilu 1982 ne ya kafa ta a madadin tsohuwar SDECE. Amurka ce ta bi wata hanya tun da wuri: dokar tsaron ƙasa da shugaba Harry Truman ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli 1947 ita ta haifi CIA.

A yau masana doka sun fi karkata ga cewa dekere yana iya tsara ofisoshi da muƙamai, amma duk wani ikon da ya taɓa ƴancin ɗan ƙasa sai dokar majalisa. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke wa Faransa hukunci a kan haka a watan Afrilu 1990, saboda tana sauraren wayoyi ba tare da bayyananniyar doka ba. Hakan ya tilasta mata yin dokar ranar 10 ga Yuli 1991. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya rubuta ƙarara cewa ba a kafa hukumar leƙen asiri sai bisa dokar ƙasa. A 2010 kuma, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman Martin Scheinin ya gabatar da jerin ƙa'idoji 35 da ƙasashe ke komawa gare su wajen tsara irin wannan doka.

Abin da ya faru inda babu iyaka

Ba sai an je nesa ba. A watan Janairu 1983 shugaban Cadi Hissène Habré ya kafa hukumar DDS da dekere, ya sa ta ƙarƙashin fadarsa kai tsaye. Hukumar tana kamu, tana tsarewa, tana da gidajen kurkukunta, ciki har da wani tsohon wurin wanka da aka rufe samansa a birnin Njamena. Kwamitin binciken da gwamnatin Cadi ta kafa bayan faɗuwar Habré ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum kusan 40,000 suka mutu a zamanin mulkinsa. A 2001 aka gano takardun DDS warwatse a tsohuwar hedikwatarta, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare ko aka kashe. Takardun nan suna cikin manyan shaidun da suka sa kotun musamman ta Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016.

A Gambiya, Yahya Jammeh ya kafa hukumar NIA da dokar soja a 1995, ya ba ta ikon kamu da tsarewa. A hannunta ɗan adawa Solo Sandeng ya mutu a watan Afrilu 2016 bayan ya jagoranci zanga-zangar neman gyaran dokar zaɓe. A watan Yuli 2022 kotun Banjul ta yanke wa tsohon shugaban hukumar Yankuba Badjie da wasu jami'ansa hukuncin kisa.

Hukumomin biyu sun yi tarayya a abu uku: mutum ɗaya suke yi wa biyayya, ikon leƙe da ikon kamu suna hannu ɗaya, kuma babu wani na waje da ke da damar buɗe littattafansu. Mafi yawan ayoyin dokokin zamani an rubuta su ne don toshe waɗannan kafofi.

Hanyar da ƙudurin ke bi

A ƙa'ida, fadar shugaban ƙasa ko wata ma'aikata ce ke rubuta daftarin farko, tare da manyan jami'an tsaro da masana doka. Daga nan sakatariyar gwamnati ta duba shi, a nemi shawarar Conseil d'État, wato kotun ƙoli mai kula da shari'un gwamnati, sannan majalisar ministoci ta amince ta aika wa majalisar dokoki. Can kwamitin tsaro yake zama a kansa aya bayan aya, ya saurari ministoci, shugabannin hukumomi, lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula, kafin a kai shi zauren majalisa. Bayan ƙuri'a ana iya kai shi kotun tsarin mulki. In ya tsallake, shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga a jaridar hukuma. Saura dekerorin zartarwa, waɗanda in ba a fitar da su ba, kwamitin sa idon da doka ta ambata yana iya zama suna kawai a takarda.

Kanada misali ce ta yadda muhawara ke gyara daftari. A shekarun 1970 aka gano cewa sashen tsaro na ƴan sandan ƙasar ya ƙona wata rumfar gona a lardin Kebek, ya kuma sace jerin sunayen mambobin wata jam'iyyar siyasa mai rajista. Kwamitin bincike na alƙali McDonald ya ba da shawara a 1981 cewa a karɓe aikin daga hannun ƴan sanda a kafa hukumar farar hula. Ƙudurin farko da gwamnati ta gabatar a 1983 ya sha suka sosai, saboda ma'anar da ya ba "barazana ga ƙasa" ta yi faɗi da yawa. Gwamnati ta bar shi, kwamitin majalisar dattawa ya sake nazari, aka kawo sabo a farkon 1984. Hukumar CSIS ta fara aiki a watan Yulin shekarar, da doka mai cewa halattacciyar zanga-zanga da adawa ba sa cikin barazana, kuma sauraren waya sai da takardar alƙalin kotun tarayya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: gyaran da bai shiga daftari ba, da wuya ya shiga bayan hukuma ta kafu.

Aikin hukumar da iyakarsa

Aya mafi muhimmanci ita ce wadda ke lissafa abin da hukumar za ta bi. Kalmomi irin su "tsaron ƙasa", "zaman lafiyar jama'a" ko "muradun ƙasa" suna iya ɗaukar ɗan ta'adda, suna kuma iya ɗaukar shugaban ƙungiyar ƙwadago ko ɗan jarida. Shi ya sa masu tsara doka ke ƙoƙarin yin jeri rufaffe. Dokar Faransa ta 2015 ta lissafa dalilai bakwai, daga kare ƴancin kan ƙasa zuwa rigakafin ta'addanci, manyan laifuffuka na gungu da yaɗuwar makaman ƙare dangi. Duk da haka masu suka sun ce wasu daga ciki, kamar "manyan muradun tattalin arziki" da rigakafin tarzomar taron jama'a, sun bar ƙofa a buɗe.

Ana kuma rubuta abin da aka haramta. Kundin Afirka ta Kudu ya hana jami'an tsaro taimaka wa wata jam'iyya ko cutar da halattattun muradunta, ya kuma hana su bin umarnin da haramcinsa ya fito fili.

Hukuma ɗaya ko da yawa?

Tarihin Najeriya ya nuna hanyoyin biyu. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta kafa hukuma ɗaya, NSO, mai aikin ciki da waje. A zamanin mulkin soja na Janar Buhari, lokacin da doka mai lamba 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba, sunan NSO ya zama abin tsoro. A watan Yuni 1986 Janar Babangida ya rushe ta da doka mai lamba 19, ya raba aikin gida uku: SSS, wadda aka fi sani da DSS, don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA don soja. Wannan doka ce ke aiki har yau, kuma kundin 1999 ya ba ta kariya ta musamman, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundi.

Masu goyon bayan rabawa suna cewa tana hana ƙarfi taruwa a hannu ɗaya. Illarta ita ce kishi da ɓoye wa juna bayanai, abin da binciken harin 11 ga Satumba 2001 ya gano tsakanin CIA da FBI. Don haka dokoki da yawa suna ƙirƙiro muƙamin mai daidaita ayyukan hukumomin, kamar yadda Amurka ta yi a 2004, Faransa kuma a 2008.

Ikon kamu da tsarewa

Nan ne dokoki suka fi bambanta. Dokar 1947 ta hana CIA ikon ƴan sanda da aikin tsaron cikin gida. Jamus ta Yamma, da ta ga abin da ƴan sandan asirin Hitler suka yi, ta raba hukumar leƙen asirin cikin gida da ƴan sanda tun daga 1949. MI5 ba ta kama kowa: in ta kammala bincike sai ta miƙa wa ƴan sanda. A ɗaya ɓangaren, DGSI ta Faransa tana da sashen shari'a da ke kamu ƙarƙashin kulawar alƙalai, DSS ta Najeriya ma tana kamu da tsarewa, kuma an sha zarginta da ƙin bin umarnin kotu na sakin wanda take riƙe da shi.

Inda aka ba hukuma wannan iko, tambayoyin da ake yi wa daftari su ne: awa nawa za a riƙe mutum kafin a kai shi gaban alƙali, ko yana ganin lauya, ko ana sanar da iyalinsa, kuma ko wurin tsarewar sananne ne da mai shigar da ƙara na gwamnati zai iya ziyarta. Aya ta 6 ta yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda duk ƙasashen yankin suka amince da ita, ta haramta kamu da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba.

Sauraren waya: wa ke ba da izini?

Tsarin Faransa ya cancanci a duba shi da kyau, domin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun sha ɗaukar fasalin dokokinsu daga can. An gabatar da ƙudurin dokar leƙen asiri a majalisar ministoci ranar 19 ga Maris 2015, wata biyu bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo, ko da yake an fara shirya shi tun kafin harin. Ranar 5 ga Mayu majalisar dokoki ta amince da ƙuri'a 438, wasu 86 suka ƙi. Saboda zafin muhawarar, shugaba François Hollande da kansa ya kai dokar gaban majalisar tsarin mulki, wadda ta soke wasu ayoyi uku ranar 23 ga Yuli. Washegari aka sa wa dokar hannu.

Ga yadda take aiki. Ministan da hukumar ke ƙarƙashinsa yana rubuta buƙata da dalilinta. Buƙatar tana zuwa wani kwamiti mai zaman kansa, CNCTR, mai mambobi tara: ƴan majalisar dokoki biyu, ƴan majalisar dattawa biyu, alƙalai huɗu daga manyan kotuna biyu na ƙasar, da ƙwararre ɗaya kan sadarwa. Kwamitin yana ba da shawara, faraminista ya yanke hukunci. Izinin yana da wa'adi, galibi wata huɗu, kuma maganganun da aka naɗa ana shafe su cikin kwana 30. Akwai ƙarin kariya ga ƴan majalisa, alƙalai, lauyoyi da ƴan jarida. Duk wanda ke zargin ana bibiyarsa yana iya kai kuka ga kwamitin, daga nan zuwa wani sashe na musamman na Conseil d'État da ke da damar ganin takardun sirri.

Babban sukar da aka yi wa tsarin shi ne cewa ɗan siyasa ne ke ba da izini, ba alƙali ba. Kanada da Amurka sun zaɓi alƙali. Amurka ta yi hakan ne da dokar 1978, bayan kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo a 1975 yadda hukumomin ƙasar suka riƙa leƙen ƴan ƙasa, da kuma shirin da CIA ta yi na kashe Patrice Lumumba. Alƙalin ma bai wadatar ba shi kaɗai: a watan Fabrairu 2021 kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ce dokar sauraren wayar ƙasar ta saɓa wa kundi, saboda ba ta tanadi sanar da wanda aka saurara ba bayan an gama bincike, kuma ba ta kare majiyoyin ƴan jarida da sirrin lauya ba.

Shugabanci da kuɗi

Dokar tana faɗin wa ke naɗa shugaban hukumar, ko majalisa na da ta cewa, shekara nawa zai yi, da kuma yadda ake sauke shi. Wa'adi ƙayyadadde yana ba shi ƙarfin ƙin umarnin da bai dace ba. Ana kuma so a san wane ɗan siyasa ne zai amsa tambaya in abu ya ɓaci. Lokacin da jami'an DGSE suka nutsar da jirgin ruwan ƙungiyar Greenpeace, Rainbow Warrior, a tashar Auckland ranar 10 ga Yuli 1985, mai ɗaukar hoto ɗaya ya mutu, ministan tsaro Charles Hernu ya yi murabus, aka kori shugaban hukumar. A Najeriya, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwarya, ya sallami shugaban DSS Lawal Daura ranar 7 ga Agusta 2018, bayan jami'an hukumar sun tare ƙofar majalisar dokoki.

Batun kuɗi ya fi kowane duhu, domin mai kawo rahoto a ɓoye ba ya ba da rasiɗi. A watan Afrilu 2017 hukumar EFCC ta gano tsabar kuɗi kusan dala miliyan 43 a wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas. Hukumar NIA ta ce nata ne na ayyukan sirri, kuma lamarin ya ƙare da korar shugabanta. Maganin da wasu ƙasashe suka samo shi ne a bayyana jimillar kasafin a fili, dalla-dallarsa kuma a nuna wa ƴan tsirarun mutane da suka yi rantsuwar riƙe sirri. Faransa ta kafa irin wannan kwamitin binciken kuɗin sirri da dokar kasafin 2002.

Masu sa ido

Sa ido yana da hawa-hawa: na cikin hukumar, na gwamnati, na majalisa, na kotu, da na wani jami'i mai zaman kansa. Faransa ta kafa tawagar majalisa kan leƙen asiri a 2007, mai ƴan majalisar dokoki huɗu da dattawa huɗu. Afirka ta Kudu tana da babban sufeto na farar hula da sai kashi biyu cikin uku na ƴan majalisa sun amince da shi.

Abin da ke nuna ko kwamiti na gaske ne ko na ado ba ya wuce abubuwa kaɗan: ko akwai ƴan adawa a ciki, ko yana iya neman kowace takarda, ko yana shiga ofisoshin ba tare da sanarwa ba, ko yana da kasafin kansa, kuma ko yana fitar da rahoton shekara ga jama'a. Kwamitin da duk mambobinsa mai ba da izinin sauraren ne ya naɗa su, kamar an ba kura ajiyar nama ne.

Dokar takan kuma tsara yadda ake musayar bayanai da hukumomin waje, wa ke da ikon sa wa takarda tambarin sirri, da shekarun da za ta yi kafin a buɗe ta. Ta kare sunayen jami'ai da majiyoyinsu, ta kuma buɗe hanya ga jami'in da ya ga an karya doka ya kai rahoto ba tare da an hukunta shi ba.

A yankin Sahel da Nijar

Yaɗuwar ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ta sa ƙasashen yankin sake fasalin hukumominsu. Burkina Faso ta kafa ANR a watan Oktoba 2015, ƴan makonni bayan yunƙurin juyin mulkin Janar Diendéré, ta bi ta da dokar majalisa a 2018. Senegal ta yi dokar hukumomin leƙen asiri a ƙarshen 2016. Mali ta kafa ANSE da ordonansi a watan Oktoba 2021. Gana, wadda ke da doka tun 1996, ta sabunta ta a 2020.

A Nijar, dattawa ba su manta da ofishin BCL ba, wanda aka fi sani da Kordinasiyo, da yadda mutane ke rage murya a majalisar hira a zamanin Janar Seyni Kountché. Babban mai kula da harkar tsaron shugaban, Amadou Oumarou Bonkano, shi ne ya shirya yunƙurin kifar da shi a watan Oktoba 1983, abin da ke nuna cewa hukumar da ba ta da mai duba ta tana iya juya wa mai ita. Taron ƙasa na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafin siyasa don duba abin da ya gabata.

A yau aikin yana rabe tsakanin DGDSE da ke ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, sassan ƴan sanda masu kula da tattara bayanai da sa ido kan iyakoki, da na soja da jandarma. Aya ta 29 ta kundin 25 ga Nuwamba 2010 ta kare sirrin wasiƙa da sadarwa, ta ce ba a keta shi sai bisa sharuɗɗan doka. Ranar 29 ga Mayu 2020, ƴan watanni bayan hare-haren Inates da Shinagodar da suka hallaka sojoji 71 da 89, majalisar dokoki ta amince da dokar sauraren wasu saƙonnin sadarwa. Dokar ta ba shugaban ƙasa ikon ba da izini, ta kuma kafa kwamitin sa ido. Gwamnati ta kare ta da buƙatar yaƙi da ta'addanci da manyan laifuffuka. Ƴan adawa sun fice daga zauren, ƙungiyoyin farar hula kuma suka ce babu alƙali a matakin ba da izini, kuma ɓangaren zartarwa ne ke zaɓen mafi yawan mambobin kwamitin. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin 2010, kuma da ordonansi ake yin doka.

Ga mazauna Madarumfa, Gidan Runji ko Ƙonni, inda masu garkuwa da mutane ke ƙetaro iyaka su nemi fansa ta waya, amfanin hukumar da ke iya bin sawun kira ba abin musu ba ne. Na'urar da ke gano wayar ɗan bindiga kuwa ita ce dai ke iya sauraren ɗan kasuwa, malami ko ɗan takara.

Iyakar abin da doka ke iya yi

Afirka ta Kudu tana da ɗaya daga cikin tsare-tsare mafiya ƙarfi a takarda. Duk da haka a 2009 shugaba Jacob Zuma ya haɗe hukumomin ciki da waje wuri ɗaya da sanarwar fadarsa, ba tare da jiran majalisa ba. Kwamitin da Sydney Mufamadi ya jagoranta, wanda aka fitar da rahotonsa a watan Maris 2019, ya gano cewa an yi amfani da hukumar wajen rikicin cikin jam'iyya mai mulki, an kashe kuɗi ba lissafi, kuma kujerar babban sufeto ta daɗe babu kowa a kanta. Amma da ayoyin dokar nan ne kwamitin ya auna ɓarnar, ya faɗi inda aka kauce, ya ba da shawarar a sake raba hukumar gida biyu. A Cadi, inda babu irin wannan ma'auni, waɗanda aka zalunta sun jira fiye da shekara 25 bayan faɗuwar Habré kafin su ji hukuncin kotu.